Yadda ake kamun sunan shafin intanet da wa'adinsa ya ƙare don sayarwa

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne a Aliero. Yakan saya lokacin da aka cire ta daga fadama ta cika kasuwa, ya zuba a rumbu, ya jira watannin da za ta yi wuya. Wata rana ya zo Birnin Kebbi ya same ni a shago bayan Magariba, idona a kan kwamfuta ina jiran wani gwanjo ya rufe. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, mi kaka saye, mi kaka saidawa? Ni ban ga hajja ba." Na ce, "Kawu, suna nake saye." Ya tambaye ni ko sunan yana ruɓewa. Na ce ba ya ruɓewa, amma duk shekara sai an biya masa kuɗi, ko ya samu mai saye ko bai samu ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To kiwo kaka yi, ba ajiya ba."

Da wannan maganar nake auna sana'ar har yau. Aikina na asali gina wa 'yan kasuwa da makarantu shafukan intanet ne, ta nan na shiga harkar sunaye. Matasa da dama suna tare ni da labarin Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019, suna son in nuna musu ƙofa. Zan nuna, amma wanda zai shiga ya sani dabba zai ɗaure, kuma dabba tana cin dusa kowace safiya.

Abin da ake saye

Sunan shafi, wanda 'yan harkar ke kira domen, shi ne abin da kake rubutawa a saman burauza, mai ƙarewa da .com ko .net ko .ng. Ba a mallakarsa har abada. Haya ce ta shekara ɗaya zuwa goma, ana sabuntawa. Babban kundin .com da .net yana hannun kamfanin Verisign na Amurka, a ƙarƙashin dokokin ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet na duniya. Kai ba ka ciniki da Verisign kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin rajista irin su GoDaddy, Namecheap da Dynadot. A watan Satumba na 2024 Verisign ya mayar da kuɗin da yake karɓa dala 10.26 a kan kowane .com a shekara, kamfanin rajista kuma ya ɗora ribarsa.

Sunayen .com da ke da rajista sun haura miliyan 150, shi ya sa duk kalma mai daɗi da ta zo maka a rai, in ka duba za ka tarar wani ya riga ka. To amma mutane suna mutuwa, kamfanoni suna rufewa, katin banki yana daina aiki, wasu kuma mantuwa ce kawai. Kamfanin Microsoft da kansa ya manta bai sabunta passport.com ba a watan Disamba na 1999, har wani mutum mai suna Michael Chaney ya biya dala 35 a madadinsu don imel ɗinsu na Hotmail ya dawo aiki. Kowace rana dubban sunaye suna fita daga hannun masu su. Kamu shi ne ka sa wani kamfani ya tsaya maka a bakin ƙofa, da zarar an saki sunan ya damƙe maka shi. A shafukan kamfanonin za ka ga an rubuta Backorder a kan maɓallin.

Kwana tamanin

Wanda bai fahimci wannan sashe ba zai yi ta asarar lokaci yana jiran abin da ba zai zo ba. Ranar da wa'adin suna ya cika ba ita ce ranar da ake sakinsa ba.

Da farko akwai kwanakin sassauci, waɗanda za su iya kaiwa 45, gwargwadon tsarin kamfanin rajistar. A cikinsu mai sunan yana iya sabuntawa, galibi a farashin da ya saba. Dokar ICANN da ta fara aiki a 2013 ta wajabta a tuna masa sau biyu kafin wa'adi, kusan wata guda da kuma kusan mako guda, sannan a sake tuna masa cikin kwana biyar bayan wa'adin. Idan kamfanin ya mayar da sunan ga babban kundi, sai a shiga kwanakin fansa guda 30. Nan ma mai shi ne kaɗai zai iya dawo da shi, amma da tara mai tsada. Daga nan sai kwana biyar na jiran gogewa, inda ba mai iya taɓa shi, har shi mai shi ɗin. Bayan su ake sakinsa ga duniya. In ka haɗa, abin yana iya kaiwa kwana 80.

Za ka gane matakin da suna yake ta shafin lookup.icann.org. Rubuta sunan, ka duba layin matsayi. In ka ga redemptionPeriod, yana cikin kwanakin fansa. In ka ga pendingDelete shi kaɗai, ya shiga kwana biyar na ƙarshe. A nan kuma za ka ga sunan kamfanin rajistar da ke riƙe da shi, ka rubuta shi a gefe domin zai yi amfani nan gaba. Bayanan mai sunan kuwa yawanci a ɓoye suke tun 2018 da dokar sirrin bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki.

Wannan lissafin na .com da .net da ire-irensu ne. Namu na .ng yana hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma tana da nata jadawalin, sai ka karanta shi a shafinta kafin ka sa ido a kan wani .com.ng.

Mataki na farko: biro da takarda

Kafin ka buɗe asusu ko'ina, yi lissafin dusa. Mu ɗauka dala tana kan naira 1,500, kai ka sa farashin ranar da kake karantawa. A ce ka tara sunaye 20, kowanne ya zo maka a kan dala 40 idan an raba. Dala 800 ke nan, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Sabunta kowanne a shekara a ce dala 12, wato dala 240, naira 360,000 duk shekara.

Masu daɗewa a sana'ar sukan ce a cikin sunaye ɗari masu kyau, ɗaya ko biyu ake sayarwa a shekara. A kan wannan ma'aunin, mai sunaye 20 yana iya yin shekara uku ko huɗu kafin ya ga ciniki ɗaya. A ce a shekara ta huɗu wani ya saya a dala 2,000, kasuwar da ta haɗa ku ta cire la'adar kashi 20 cikin ɗari, ka tashi da 1,600. Abin da ka kashe kuwa: 800 na saye da 720 na sabuntawa sau uku, 1,520. Ribar shekara huɗu dala 80.

Ba don in kashe wa kowa gwiwa na kawo wannan ba. So nake ka ga inda ribar take. Tana cikin sayen suna mai kyau ƙwarai a farashi mai sauƙi, da ƙin sayen guda ɗari marasa kyau. Kuma kuɗin da za ka sa ya zama wanda za ka iya mantawa da shi shekara uku. Ba kuɗin makarantar yara ba, ba kuɗin taki ba, ba adashen uwargida ba, bashi kuwa kada ma a fara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai da abin sabuntawa a shekara ta biyu, sunayensa za su faɗa hannun wani mai kamu kamar yadda na wasu suka faɗo hannunsa.

Mataki na biyu: hanyar biya da asusu

Duk harkar da dala ake yi. Kana buƙatar katin da ke aiki a shafukan ƙasashen waje: katin asusun dala na banki, ko katin dala na manhaja, ko katin naira idan bankinka ya buɗe masa biyan waje, kamar yadda wasu bankuna suka dawo da shi a 2025 tare da iyaka. Gwada katin da ƙaramin ciniki tukuna, misali ka yi rajistar suna ɗaya sabo. Ranar da ka ci gwanjo ba ranar gwajin kati ba ce, don wa'adin biya gajere ne, wanda ya kasa biya kuma ana iya rufe masa asusu.

Buɗe asusu a kamfanonin kamu da gwanjo: DropCatch, da SnapNames ko NameJet, da Dynadot, da GoDaddy Auctions, wanda ke karɓar ɗan kuɗin shiga na shekara. Sa sunanka na gaskiya daidai da na katin shaidarka, domin za su iya neman hotonsa kafin su bar ka ka yi tayi mai yawa. Ware imel guda don wannan aiki kaɗai, ka sa masa tabbaci mai hawa biyu. Wanda ya sace imel ɗinka ya sace garken gaba ɗaya.

Mataki na uku: tankaɗe

Shafin ExpiredDomains.net kyauta ne, kuma a nan yawancinmu muke wuni. Yi rajista, ka shiga jerin .com da ke jiran gogewa. Yawansu zai tsorata ka, kusan duka ƙaiƙayi ne. Sai ka sa matata: ban da lambobi, ban da karan ɗori, tsawo kada ya wuce haruffa 12 zuwa 14, kalma ɗaya ko biyu. Jerin zai ragu zuwa abin da ido zai iya bi.

Ga gwajin da nake yi wa kowane suna. In na faɗa wa mutum shi ta waya sau ɗaya, zai iya rubuta shi daidai? In sai na ce "da zed biyu" ko "ka sa layi a tsakiya", na bar shi. Na biyu, zan iya lissafa irin kasuwanci biyar da za su so wannan sunan a allon shagonsu? Na uku, an yi rajistar kalmar a wasu ƙarshen, kamar .net da .org da .co? ExpiredDomains yana nuna wannan. In mutane daban-daban sun kama kalmar a wurare da yawa, alama ce akwai masu sonta, kuma wataran ɗayansu zai nemi .com ɗin.

Daga nan ka je NameBio, inda ake tara tarihin cinikin sunaye. Rubuta kalmar, ka ga nawa aka sayar da makamantanta. Kada ka kalli mafi tsada, kalli na tsakiya. Akwai kuma manhajojin da ke ƙiyasta darajar suna da kansu. Lambar da suke bayarwa tana faranta rai, amma manhajar ba za ta saya a hannunka ba.

Maganar sunayen Hausa tana raina, don haka zan faɗi gaskiyar abin da na gani. Kalmomin noma, kiwo, kasuwa, lafiya, sufuri da ilimi suna da kyau kuma sau da yawa ba mai gasa da kai a kansu. Amma masu sayensu a farashi mai kauri ba su da yawa tukuna. Mai injin casar shinkafa a Argungu ko dillalin hatsi a Jega ya fi gane amfanin shafin Facebook da lambar WhatsApp a kan biyan naira dubu ɗari biyar don suna. Ina riƙe da kaɗan daga cikinsu saboda na yi imani lokacinsu yana zuwa, amma sunayen Turanci ne ke ciyar da su.

Mataki na huɗu: binciken asali

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Suna da ya taɓa zama a hannun wani yana zuwa da tarihinsa, kuma sayensa ba bincike cinikin biri a sama ne.

Fara da Wayback Machine a archive.org. Sa sunan, za ka ga hotunan shafin na shekarun baya. Kada ka duba shekara ɗaya ka tafi. Buɗe ta farko, ta tsakiya, da biyun ƙarshe. Ni na taɓa cin wani suna mai kalma biyu da ya shafi kayan gona, na duba shekarunsa na farko na ga kantin iri ne, na gamsu. Bayan na biya na gano cewa a shekara biyunsa na ƙarshe an mayar da shi shafin caca da wani harshen Asiya. Imel ɗin da aka aika da shi ba ya isa, kuma ban ga yadda zan sayar wa mutum shi in ɓoye masa aibin ba. Na bar shi ya faɗi. Tun daga ranar, in na ga caca, batsa, magungunan jabu ko shafin damfara a tarihin suna, ba na ƙara kallonsa komai kyansa.

Duba shi kuma a shafin Spamhaus, ka ga ko yana cikin jerin masu aika saƙon banza, da kuma shafin Google Safe Browsing, mai nuna shafukan da ke da haɗari. Wasu suna sayen tsohon suna don mahaɗan da wasu shafuka suka yi masa, da fatan Google zai ɗaga sabon shafinsu. A watan Maris na 2024 Google ya sa amfani da tsohon suna don yaudarar sakamakon bincike cikin laifukan da yake hukuntawa. Saboda haka ka sayi suna don kyan kalmarsa.

Sai babbar magana, alamar kasuwanci. Bincika kalmar a rumbun alamomi na hukumar WIPO da na ofishin USPTO na Amurka, duka kyauta ne, sannan ka duba rajistar kamfanoni ta CAC a gida. In sunan na wani kamfani ne, ko banki, ko jami'a, ko sanannen mutum, ko kuskuren rubutun ɗayansu, ka bar shi. Tun 1999 akwai tsarin UDRP da ke bai wa mai alama damar ƙwace suna idan ya nuna abu uku: sunan ya yi kama da alamarsa, kai ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka kama shi kake amfani da shi. Ba sai an je kotu ba, kuma ba za a mayar maka da ko sisi ba. A Amurka dokar ACPA ta yarda a ci tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna. A gida kuma, sashe na 25 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ko tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan biyar, ko duka biyun.

Ko ba doka, akwai abin da zuciya ba ta ɗauka. In ka ga sunan wata makarantar Islamiyya a Yauri ko wani asibiti a Zuru ya kusa faɗuwa saboda yaron da ya gina musu shafin ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirri, abin yi shi ne ka nemi lambarsu ka gaya musu. Kama shi don ka dawo ka tatse su ba kasuwanci ba ne. Kalmar gama-gari da kowa ke da haƙƙin amfani da ita, wadda mai ita ya saki bayan an tuna masa sau uku an kuma ba shi makonni na fansa, ita ce hajjar da nake ganin tsarkinta.

Mataki na biyar: ta wace ƙofa zai fito

Yanzu sunan kamfanin rajistar da ka rubuta zai yi aiki. Manyan kamfanoni ba sa barin suna mai daraja ya kai ga faɗuwa. Tun cikin kwanakin sassauci suke sa shi a gwanjo. Wanda ke hannun GoDaddy yana fitowa a GoDaddy Auctions kusan kwana 26 bayan cikar wa'adi, gwanjon kuma kwana goma ne. Na Network Solutions da Register.com suna bi ta NameJet da SnapNames. Namecheap da Dynadot kowanne yana da kasuwarsa. In ka je ka yi kamu a wani wuri kana jiran irin wannan suna ya faɗi, za ka wayi gari ka ga ya koma hannun wanda ya ci gwanjon.

Abu biyu game da wannan ƙofa. Tsohon mai sunan yana iya farkawa ya sabunta ko bayan ka ci, sai a mayar maka da kuɗinka, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin suna sai ya shiga asusunka. Sannan a GoDaddy, sunan da gwanjo ya rufe ba wanda ya taya yana komawa sashen rangwame, inda farashi ke sauka kullum na 'yan kwanaki, wanda ya fara dannawa ya ɗauka. Ga mai ƙaramin jari, nan ne wurin koyo mafi sauƙi.

Sunan da ya wuce duk wannan ya shiga pendingDelete, shi ne na kamu na gaskiya.

Mataki na shida: kamu

Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda abin yake. Dubban masunta a jere bakin Matan Fada, kowa da homa da gora, ana jiran a ba da alama. Haka ranar sakin suna take, sai dai a nan kwamfutoci ne ke rugawa, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya an gama. Verisign yana ba kowane kamfanin rajista iyakar ƙofofin da zai aika buƙata ta cikinsu, shi ya sa masu DropCatch suka yi rajistar kamfanoni sama da dubu don su yawaita homarsu a ruwa. Kai da wayarka da datar MTN ba za ka riga su ba. Suna da ba wanda ya kula da shi ne kaɗai za ka iya tararwa a sake bayan an watse, ka yi masa rajista a farashin yau da kullum.

Sakin .com yana farawa wajen ƙarfe biyu na rana agogon gabashin Amurka, wato tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na dare a wurinmu gwargwadon lokacin shekara. Amma kamu ana rufe karɓarsa kafin nan, don haka ka sa naka kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Yadda ake yi: shiga DropCatch, rubuta sunan, danna Backorder. Ka maimaita a SnapNames ko NameJet, da Dynadot. Waɗannan ba sa cire kuɗi sai sun kama, saboda haka sa kamu a wurare uku ba ya nufin biya sau uku, wanda ya kama shi kaɗai za ka biya. Kuɗin manyan yana tsakanin dala 60 da 80, na Dynadot ya fi sauƙi amma ƙarfin kamunsa bai kai nasu ba.

Sakamako iri uku ne. Wani kamfanin da ba ka sa kamu a wurinsa ba ya kama, shi ke nan. Ko naka ya kama kuma kai kaɗai ka nema, sai a cire kuɗin a ba ka. Ko ya kama amma ku biyu ne ko fiye, sai a buɗe gwanjo na kwana uku. A DropCatch gwanjon a buɗe yake, har wanda bai yi kamu ba yana iya shigowa. Sabon shiga yakan ji ciwon wannan, domin ya ɗauka kamu alkawari ne. Kamu izinin shiga layi ne kawai.

Mataki na bakwai: gwanjo

Kafin a buɗe, rubuta iyakarka a takarda ka liƙa a jikin kwamfuta. Ni ƙa'idata kada in biya fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da nake ganin mai buƙata zai biya, bisa abin da na gani a NameBio. In ina ganin dala 2,000, iyakata 200.

Shafukan suna ba ka damar sa mafi girman tayinka sau ɗaya, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan har ta kai can. Yi amfani da wannan, musamman a nan da wuta da sabis ke iya yankewa a daidai lokacin. Tayin da ya shigo a mintunan ƙarshe yana ƙara wa gwanjon lokaci, don haka dabarar laɓewa har daƙiƙar ƙarshe ba ta da wani tasiri. Abin da ke cinye mutane shi ne zafin zuciya: wani ya ɗora dala biyar, kai ma ka ɗora, tun ana ciniki har a koma kare girma. In an wuce iyakarka, rufe kwamfuta ka tafi masallaci. Gobe wasu dubbai za su faɗo.

Kada kuma ka taya abin da ba ka da niyyar saye don ka ɗaga wa wani farashi. Wannan shi ne najashu da Manzon Allah (SAW) ya hana. A sana'ar ma abin kunya ne: a 2009 SnapNames ya fito ya amsa cewa wani babban ma'aikacinsa ya yi shekaru yana tayi da sunan ɓoye a gwanjonsu, har suka yi wa waɗanda abin ya shafa tayin diyya.

Bayan ya shiga hannu

Ranar farko, kunna makullin hana canja wuri, ka tabbatar imel ɗinka ne a kan sunan. Sabon rajista ba ya ƙaura zuwa wani kamfani sai bayan kwana 60, wannan dokar ICANN ce. Bayan nan yana da kyau ka tattara sunayenka a kamfani ɗaya mai sauƙin kuɗin sabuntawa. Buɗe jadawali a Excel ko littafi: suna, ranar saye, abin da ka biya, ranar wa'adi, da duk tayin da aka yi maka.

Sa sunan a kasuwannin sayar da sunaye na Afternic da Sedo, ka juya shi zuwa shafin da ke nuna na sayarwa ne. La'adarsu tana bambanta gwargwadon tsarin da ka zaɓa. Sa farashi a fili, domin sau da yawa mai saye ba ya son ciniki da wanda bai sani ba, yana son ya danna ya biya. Tun kafin ciniki ka cika bayanan yadda za a biya ka, ka tabbatar hanyar tana isowa asusunka na dala a Najeriya. In mai saye ya zo kai tsaye, ku bi ta Escrow.com, wanda ke riƙe kuɗin amana har suna ya isa hannunsa. Kada ka saki suna a kan hoton alat.

Akwai wata damfara da kusan kowane sabo yake haɗuwa da ita. Imel zai zo daga wani da ya ce zai sayi sunanka dala dubu goma sha biyar, amma sai ka fara kawo takardar ƙiyasin daraja daga wani shafi da shi zai nuna maka, a kan dala 50 ko 100. Shafin nasa ne. Kana biya zai ɓace. Mai saye na gaskiya ba ya sa mai hajja biyan kuɗi.

Kana iya neman masu saye da kanka: ka nemo kamfanoni biyar zuwa goma da ke amfani da suna mai tsawo ko mai rauni a wannan fannin, ka aika musu gajeren saƙo mai ladabi da farashi. Sau ɗaya, sai tuni ɗaya bayan mako. Fiye da haka ya zama damu.

Game da zakka, malamanmu na Malikiyya sun bambanta ɗan kasuwar da hajjarsa ke juyawa kullum da wanda ke ajiyewa yana jiran kasuwa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ka kai wa malaminka jadawalin nan ka bayyana masa yadda kake yi, ya gaya maka wanne ne kai.

Wata guda kafin wa'adin kowane suna, zauna da jadawalin ka yi masa tambaya ɗaya: da yau na gan shi a jerin masu faɗuwa, zan biya kuɗi in kama shi? Duba ko an taɓa taya shi, ko mutane suna shiga shafinsa, ko an sayar da makamancinsa a shekarar. In shekara biyu ta wuce ba tayi ba motsi, kashe sabuntawa ta atomatik a kansa, ka rage farashinsa zuwa ƙasa sosai na makonnin da suka rage, in an saya to, in ba a saya ba ka bar shi ya tafi. Dala 12 ɗin da ka tsira da ita ka ƙara a kan iyakar gwanjon suna na gaba.